Kafin a huda ƙasa don lantarki, wa ya auna ruwan mutane?

Assalamu alaikum Malam Edita,

Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya kai da abokan aikinka, dan Allah ina roƙon ɗan fili in tofa albarkacin bakina kan wata magana da nake yawan cin karo da ita kwanan nan a labarai, wato batun samar da wutar lantarki daga zafin da ke ƙarƙashin ƙasa, musamman a ƙananan ƙasashen nan da teku ya kewaye. Duk rahoton da na karanta kusan waƙa ɗaya ce, ga wuta mai tsabta ba hayaƙi ba dizal, ga megawat kaza, ga dala miliyan kaza daga banki kaza, sai hoton minista da hular kwano yana murmushi, shikenan. Can ƙasan labarin sai a saka layi ɗaya tak a ce an gudanar da binciken tasirin aikin ga muhalli da al'umma. To wannan layi ɗayan ne ya hana ni sakat har na ɗauko waya nake rubuto maka, sabida na zauna a ɗaya daga cikin tsibiran nan kuma na ga abin da ke ƙunshe cikin layin da idona.

Na yi karatun likitanci ne a Dominika, daga 2015 har bayan guguwar 2017. Ba Jamhuriyar Dominikan ba fa, mutane na yawan haɗa su har mahaifiyata sai da ta shekara tana ce wa maƙwabta ina Amurka don ta huta da bayani. Dominika ɗan tsibiri ne a yankin Karibiyan tsakanin Gwadalub da Matinik, faɗinsa wajen murabba'in kilomita 750, mutanen ƙasar gaba ɗaya wajen dubu 70 ne, kaga ko ƙaramar hukuma ɗaya a Kano ta ninka su. Babban birnin Roseau, su suna cewa Rozo. Ƙasa ce ta tsaunuka da daji da ruwan sama kamar da bakin ƙwarya, ga duwatsu masu aman wuta har 9 a wannan ɗan wurin, ƙasa na tafasa a ƙarƙashin ƙafarsu amma kuma mafi yawan wutar da suke sha a lokacin da nake can da dizal ake yinta, dizal ɗin da jirgin ruwa ke kawowa daga waje, sai ɗan kason da suke samu daga ruwan koguna. Matar da na yi haya a gidanta, dattijuwa ce ina ce mata Mama, duk wata in takardar kuɗin wuta ta zo sai ta sa tabarau ta nemo layin da aka rubuta ƙarin kuɗin mai, don shi ke hawa da sauka da farashin man duniya, ta nuna min da yatsa ta ce Dokta ka gani ko, yaƙi a can wata uwa duniya, ni nake biya a nan. Dutsen guga kuwa rana ɗaya ake kunna shi a sati a gidan. Sabida haka kar wani ya ɗauka ina adawa da aikin ne, wallahi duk wanda ya zauna a wurin zai so a yi shi tun jiya.

Yanda abin yake a taƙaice, ruwan sama na tsiyaya ya gangara can ƙasa ta tsagar duwatsu, ya tarar da dutse mai zafi ya ɗau zafi har ya wuce digiri 200 amma nauyin ƙasa ya hana shi tafasa ya tsere, sai a haƙa rijiya irin ta burtsatse amma mai zurfin gaske a fito da shi ya juya farfelar inji, sannan a mayar da ruwan ƙasa ta wata rijiyar daban. A kwarin Roseau an haƙa rijiyoyin gwaji 3 tsakanin 2011 da 2012, daga baya aka haƙa babbar rijiya a ƙauyen Laudat mai zurfin kusan kilomita ɗaya da rabi. A 2019 Bankin Duniya ya amince da dala miliyan 27 don tasha mai megawat 7, a ƙarshen 2023 kuma aka sa hannu da kamfanin Ormat kan tasha mai megawat 10 a Laudat ɗin. Za ka ce megawat 10 ai wasan yara ne, to ƙasar gaba ɗaya ko a lokacin da kowa ya kunna komai buƙatarta ba ta kai megawat 20 ba.

Yanzu bari in zo kan abin da ya kawo ni. Mama tana da yaya a wani ƙauye cikin kwarin nan da ake kira Wotten Waven, ni Baba nake ce masa shi kuma ya ce min Dokta duk da a lokacin ko allura ban iya yi da kyau ba. Ƙauyen nan kana shiga hancinka zai gaya maka, warin ruɓaɓɓen ƙwai ko'ina, tururi na fita daga gefen hanya, taɓo na ɓul-ɓul a cikin ciyawa. Sana'ar da yawa daga cikinsu ita ce wankan ruwan zafi, mutum ya jawo ruwa daga idon ruwan da ke bayan gidansa da bututu ko da gora ya zuba a ɗan tafkin siminti, baƙi 'yan yawon buɗe ido su sauko daga manyan jiragen ruwa su biya su shiga su jiƙa jikinsu. Na Baba tafki biyu ne da wani tsohon bahon wanka na ƙarfe da ya ajiye ƙarƙashin bishiya, ruwan ja-ja kamar an jiƙa tsatsa. Ranar farko da na shiga na manta ban cire zoben azurfana ba, zoben da kawuna ya ba ni zan taho, kafin in fito ya koma baƙi ƙirin kamar an tsoma shi a toka, na tsorata na ce ko wani abu ne, Baba ya yi dariya har da riƙe ciki ya ce farar wuta ce ta gaishe ka.

A bakin wannan bahon ne ya yi min tambayar da har yau ban manta ba. Ya ce Dokta, mutanen nan masu takarda sun zo sun yi mana bayani, sun ce ruwan da za su ja yana can ƙasa sosai, nawa kuma na sama ne, ba ruwan wani da wani, na ji na kuma yarda ba ƙarya suke ba. Amma in bayan shekara biyar ruwana ya huce ko ya ragu, na je na ce ku ne, suka ce a'a dama haka ruwan nan yake yi, wa zai raba mu? Na buɗe baki in ba shi amsa na rasa ta cewa. Don gaskiyar magana ruwan nan dama yana canzawa da kansa. A saman tsaunin da ke kansu akwai wani tafki da ke tafasa dare da rana, tafiyar awa uku ce a ƙafa daga Laudat, yana cikin gandun Morne Trois Pitons da UNESCO ta sa a jerin wuraren gadon duniya tun 1997, kuma tsakanin Disamba 2004 da Afrilu 2005 ruwan tafkin nan ya janye ƙasa sosai ya daina tafasa sannan ya dawo da kansa, lokacin ko rijiya ɗaya ba a haƙa ba. To ka ga in da an riga an fara aiki a lokacin, kowa zai rantse kamfani ne ya shanye shi, kuma in gobe kamfani ne ya jawo da gaske, zai nuna 2004 ya ce ai ba yau farau ba. Abin da kawai zai raba gardama shi ne awo, awon da aka yi kafin a taɓa ƙasa, aka daɗe ana yi rani da damina, aka rubuta, kuma rubutun yana hannun mai ruwan ba a durowar kamfani kaɗai ba. Tun ran gini tun ran zane.

Ni a wurina wannan shi ne zuciyar aikin kwansaltan na muhalli da al'umma, wato ƙwararren da ake ɗauka ya binciki tasirin aikin, sauran duk ado ne. Kuma tsoron Baba ba na jahilci ba ne don an taɓa gani. A Niyu Zilan, wadda ita ma tsibirai ce, tashar Wairakei ta fara aiki a 1958, tana cikin na farko-farko a duniya, kuma shekara da shekaru ana jan ruwa ba a mayarwa ƙasa. A kusa da ita akwai wani kwari da ya yi suna da idanun ruwa masu feshin ruwan zafi sama, mutane na zuwa kallo daga nesa, duk suka mutu ɗaya bayan ɗaya, sannan wani ɓangare na ƙasar wurin ya lotsa kusan mita 15. A garin Rotorua kuma ba ma tashar lantarki ba ce, gidaje da otal-otal ne kowa ya huda nasa yana ɗumama ɗaki, har idanun ruwan 'yan ƙabilar Maori suka fara ja da baya, sai da gwamnati ta tilasta rufe rijiyoyin da ke cikin kilomita ɗaya da rabi daga babban idon da ake kira Pohutu a wajen 1986 zuwa 1987 sannan wasu suka farfaɗo. Yanzu fasaha ta ci gaba, irin tashar da aka tsara wa Dominika ruwan zafin ba ya ma fita waje, yana ɗumama wani ruwa ne mai saurin tafasa shi kuma ya juya inji, sai a mayar da na ƙasa inda ya fito, wannan ya rage haɗarin sosai, amma ragewa daban kawarwa daban, kuma ko a ina za a mayar da ruwan shi ma magana ce.

Sai mu zo kan su kwansaltan ɗin. Ni ba na raina su, akwai masu ilimi da tsoron Allah a cikinsu, aikinsu kuma ba ƙarami ba ne, mutum ya kwana a daji yana ƙirga tsuntsaye da jemagu da kwaɗi, a Dominika ma akwai wani aku da babu irinsa ko'ina a duniya sai can, shi ne a jikin tutarsu, wani ya auna ƙara da iska, wani ya bi gida-gida yana tambayar waye mai wannan gonar gwazar, nawa ake samu a shekara, ina kabarin kakanni, ta ina yara ke bi zuwa makaranta in manyan motoci sun fara zirga-zirga. Bankunan da ke ba da bashi suna da ƙa'idoji a rubuce, Bankin Duniya na da guda 10 da suka fara aiki a 2018, reshensa mai ba kamfanoni bashi na da guda 8, duk sun yi maganar diyya da tuntuɓar jama'a da hanyar kai koke. A takarda kam ba abin da ya rage. Matsalar ita ce wanda zai yi aikin shi ne yake ɗaukar kwansaltan, shi ke biyansa, shi zai fara karanta rahoton kafin kowa, kuma kwansaltan na son a sake kiransa a kwangila ta gaba. Kowa ya ci ladan kuturu ai dole ya yi masa aski. Ba sai ya yi ƙarya ba ma, kalma ɗaya kawai zai sassauta, inda ya kamata ya rubuta babban haɗari ya rubuta matsakaici wanda za a iya shawo kansa, shikenan an wuce wurin. Shi ya sa nake ganin dole a samu wasu idanun daban da ba mai aikin ke biyansu kai tsaye ba, ko hukumar muhalli mai haƙori, ko kwamitin ƙwararru da mai ba da bashi ya kafa, kuma a ƙaramar ƙasa wannan ma wuya gare shi don injiniyan ma'aikata da manajan kamfani da mai gonar duk 'yan ajin juna ne ko surukai.

Kar ka ce ina ta zagin na nesa, a garinmu ma na gani bayan na dawo gida, ba aikin tururi ba ne wani aiki ne daban ba sai na faɗi suna ba. Mota biyu suka zo da rana tsaka, aka tara mutane a ƙofar gidan mai gari, aka raba fiya wata da biskit, wani saurayi ya karanta bayani da Turanci minti goma wani ya fassara a minti biyu, aka zagaya da takarda kowa ya sa hannu ko ya dangwala, aka ɗau hoto, suka tafi kafin la'asar. Mace ko ɗaya ba a kira ba alhali su ne ke ɗibar ruwa a rafin da ake magana a kai. Wannan takardar sa hannun ita ce ta koma shaidar wai al'umma ta amince. Dokarmu ta binciken muhalli ta 1992 ta tanadi a baje rahoto jama'a su gani su yi magana, kwana 21 na aiki ake bayarwa, na je sakatariya nemansa aka ce mai makullin ofishin ya tafi ta'aziyya. Na faɗi wannan ne don mai karatu ya gane cewa kalmar an tuntuɓi jama'a tana iya nufin komai tana iya nufin ba komai.

Abu na biyu da ke ci min tuwo a ƙwarya, wataƙila don aikina ne, shi ne iskar nan mai warin ƙwai, haidirojin salfaid. In kaɗan ce wari kawai take da ɓata azurfa da wayoyin lantarki. In ta yi yawa kuwa abin tsoron shi ne takan kashe jin warin kansa, wato daidai lokacin da ta zama haɗari lokacin ne hancinka zai ce maka ai ta wuce, gata ta fi iska nauyi sai ta kwanta a kwari da rami, in ta kai wani mataki numfashi kaɗan mutum zai yi ya faɗi. Ranar 25 ga Janairu 2021 a Sorik Marapi da ke arewacin tsibirin Sumatra a Indunusiya, an buɗe wata rijiya don gwaji mutane na cikin gonakinsu a kusa, iskar ta bi ta kansu mutum 5 suka rasu har da ƙananan yara, wasu da dama aka kwasa zuwa asibiti. Indunusiya fa ba baƙuwa ba ce a harkar, ita ce ta biyu a duniya bayan Amurka, kuma tana da dokar binciken muhalli tun tuni. Abin da ya faɗi a ranar ba ilimin kimiyya ba ne, abu ne mai sauƙi, wa zai sanar da manomi, da wane harshe, awa nawa kafin a buɗe, wa zai zagaya ya tabbatar gona ba kowa, ina iska ke kaɗawa. 'Yan uwanmu na Kamaru sun san yanda iska mai nauyi ke bin kwari tun abin da ya faru a tafkin Nyos a 1986 inda sama da mutum 1,700 suka rasu, duk da can wata iskar ce daban kuma ba hannun ɗan adam. To tsibiri mai aman wuta kusan duk ƙauyukansa a kwari suke ko a gefen tsauni. In rahoton kwansaltan bai faɗi ƙarara wa ke riƙe da ƙararrawa ba, bai ce asibitin kusa na da iskar oksijin ko babu ba, ni a wurina bai gama aiki ba ko da shafi dubu ne.

Sai maganar ƙasa. Mu nan in an ce za a tashi mutum a ba shi wani fili, ko ba daɗi akwai filin. A tsibiri irin Dominika wuri mai shimfiɗa da za a kafa injin haƙa shi ne dai wurin da mutum ke noman gwaza da ayaba da lemo, babu wani na ajiya. Na iso ƙasar ba da daɗewa ba aka yi ambaliyar Erika a watan Agusta 2015, ƙasa ta zaftare ta binne gidaje a ƙauyen Petite Savanne har aka kwashe mutanen gaba ɗaya aka sake musu matsuguni a wani wuri, na ga yanda dattawa suka koma kamar marayu a gidajen da suka fi nasu kyau, don mutum ba ginin kaɗai ya bari ba. Ga kuma gonakin gado da yawa na dangi ne ba a raba ba, sunan kakan da ya rasu tuntuni ne a takarda in ma akwai takardar, rabin magadan suna Ingila ko Amurka, wanda ke noma wurin shekara talatin ba shi da ko ƙyalle da zai nuna. Kwansaltan mai gaggawa zai rubuta sunan mai takarda a biya shi, mai haƙuri shi ne zai zauna har ya gano wanda ke ci daga gonar. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, kuma dattawan can in magana ta kai magana ba da Turanci suke yinta ba, da Kiriyol ɗinsu suke yi, wanda bai ji ba sai dai ya ga ana gyaɗa kai ya rubuta an amince.

Wani abin da ba a cika faɗa ba, rijiya na iya fitowa ba komai. A tsibirin Sen Binsent an haƙa rijiyoyi 3 a gindin dutsen La Soufrière tsakanin 2019 da 2020, aka samu zafi kamar yanda ake so amma dutsen a toshe yake ruwa ba ya ratsa shi yanda zai isa a yi lantarki, kuɗi sun tafi, a Afrilu 2021 kuma dutsen ya yi aman wuta. To in haka ta faru wa zai toshe rijiyar da kyau, wa zai mayar wa manomi gonarsa yanda take, wa zai riƙa leƙawa bayan shekara goma? A Mataloko da ke tsibirin Flores a Indunusiya ramukan taɓo mai zafi sun ɓullo a gonakin mutane kusa da tsofaffin rijiyoyi, kwanon rufin gidaje na cin tsatsa, ana ta jayayya kan musabbabi, kuma wannan tabon ne ya sa duk da gwamnati ta ayyana Flores a matsayin tsibirin lantarkin tururi a 2017, mutanen Poco Leok suka yi ta tare hanya suna ƙin faɗaɗa tashar Ulumbu, har a 2025 manyan limaman cocin Katolika na yankin suka fito fili suka ce ba sa goyon baya. Aiki ɗaya da aka bari a wulaƙance ya rufe wa goma ƙofa.

Akwai kuma inda aka yi abin da ya burge ni. A Mokai can Niyu Zilan, 'yan Maori masu ƙasar ba diyya suka karɓa suka koma gefe ba, amintattun da ke riƙe da ƙasarsu, Tuaropaki, su ke da kashi 75 cikin 100 na kamfanin tashar, suna amfani da zafin wajen noman tumatir da tattasai a gidajen gilashi har da masana'antar madara. Wanda yake da hannun jari ba sai an kira shi mitin an ba shi biskit ba, shi ke kiran mitin ɗin. A Aislan ma da mayar da ruwa ƙasa a tashar Hellisheiði ya jawo girgizar ƙasa da mutanen garin kusa suka ji a jikinsu a 2011, ba su tsaya musu ba, sai aka fito da tsarin sanar da jama'a kafin a canza yawan ruwan da ake turawa, daga baya kuma suka fara narkar da iskar mai wari a ruwa suna mayar da ita cikin dutse. Af, kafin wani ya ce to mu ma ga Wikki a Yankari, ruwan Wikki digiri 31 ne, na wanka ne mai daɗi, ko shayi ba zai dafa ba balle ya juya inji.

Bari in ƙarasa maka labarin Baba. Da na rasa amsar da zan ba shi sai na ce to mu fara awon da kanmu. Na kawo ma'aunin zafi na asibiti, muna tsoma shi a bakin idon ruwan ya haura ƙarshe ya lalace don iyakarsa digiri 42, Baba ya ce likitan da bai san zazzaɓin ƙasa ba. Muka sayo irin na masu girki a Roseau, muka samo bokitin fenti mai lita 20 da littafin eksasais na 'yan firamare. Duk ranar Asabar da safe ya auna zafi a wuri ɗaya da ya yi wa alama da jan fenti, ya tara bokiti a bakin bututu jikarsa na duba agogo ta ga daƙiƙa nawa zai cika, ya rubuta kwanan wata, ya rubuta ko an yi ruwa a satin. Abin da bai fi minti goma ba. Ya yi haka sama da shekara guda, ni kuma duk zuwan da na yi sai in ɗau hoton shafukan da waya, ba don wani hangen nesa ba, don in nuna wa abokai ne kawai. Daren 18 ga Satumba 2017 guguwar Maria ta sauka a kanmu, ba zan iya kwatanta maka ƙarar ba, asarar da aka ƙiyasta ta kai kashi 226 cikin 100 na abin da ƙasar ke samarwa a shekara, kusan kowane gida rufinsa ya tafi ko ya lalace, dajin nan kore shar ya koma kamar an babbake shi, wasu unguwanni sun fi shekara ba wuta. Rufin Baba ya tafi, littafin ya zama kunu. Bayan wata da watanni da waya ta dawo jikarsa ta nemo ni a WhatsApp, na tura mata hotunan shafukan nan duka ta kai aka buga masa a takarda, kuma ta ce bayan guguwar sai da suka canza wurin jan fentin don zaftarewar ƙasa ta karkatar da idon ruwan gefe.

Sabida haka Malam Edita roƙona gare ku 'yan jarida, duk ranar da za ku kawo labarin irin wannan aiki, ko na tsibiri ne ko na dam ko na ma'adinai a nan gida, in an ce muku an yi binciken muhalli, dan Allah wakilinku ya ɗan tsaya ya tambaya wa ya biya mai binciken, wata nawa aka yi ana awo kafin a fara haƙa, da wane harshe aka karanta wa mutane sakamakon, mata nawa ne a wurin, kuma kwafin awon yana hannun wa a cikin ƙauyen. Sannan in da hali ku buɗe ɗan shafi da za a riƙa fassara taƙaitattun rahotannin nan zuwa Hausa lokacin da aka baje su, kafin kwana 21 ɗin su cika, ni a shirye nake in taimaka da ɓangaren da ya shafi lafiya kyauta in an turo min.

Na gode da fili, Allah ya ƙara basira, a gaida ma'aikata.

Naku,
wani likita mai karanta ku kullum, daga Zariya